Baƙin Salatif a Idon Mota

Motar ta ƙame a bakin get kamar an fizgo ta ta baya, har hular Baba Cak ta faɗo kan sitiyari. Ƙarar nan tata mai shiga kunne ta cika layin. Bakanike yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tasi a garejinsa na tsallaken titi, amma bai buƙaci ɗagowa ba ya san abin da ya faru. Karo na uku ke nan a satin.

"Wa ya ce ki tsaya?" Baba ya daka wa motar tsawa yana dukan sitiyari. "Kwali ne! Kwalin banza iska ta kwaso! An ce miki ban gani ba?"

Bakanike ya fito yana goge hannu da tsumma, ya tsallako ya ɗauke kwalin daga gaban motar.

"Baba, ita ma fa taimako take yi."

"Taimakon me? Shekara arba'in da ɗaya ina jan bas, ko kaza ban taɓa takewa ba. Yau kuma na'ura ce za ta koya mini inda birki yake?"

Gaskiyarsa ne, kuma duk layin an sani, don ba ya barin kowa ya manta. A zamanin aikinsa, in ya zo tasha sai ƙofar bas ta tsaya daidai ƙafar mai jira, mai kofin shayi a ciki ko ɗigo ba ya zubarwa. Daga nan sunan Cak ya bi shi. Da ya ajiye aiki, tsohuwar motarsa ta mutu murus, sai 'yarsa ɗaya tilo, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta saya masa wannan sabuwar mai taka birki da kanta in ta hango abu a gabanta. Ita ta ga kyauta ta yi masa. Shi kuwa gani yake an ɗauko masa mai gadi.

"Cire mini abin nan," ya ce wa Bakanike ran nan.

Bakanike ya shiga ya nuna masa inda ake kashewa a allon gaba. Sai dai duk sanda aka tayar da injin, abin ya dawo da kansa kamar ba a taɓa shi ba.

"Ka ga taurin kai ko?" in ji Baba, shi da ya fi kowa. Sannan ya ce, "To wai da me take gani?"

A nan Bakanike ya yi wauta. Mai sana'a ba ya iya jin tambaya irin wannan ya kama bakinsa. Ya miƙa yatsa ya nuna masa 'yar kamarar nan mai idon kwalba da ke manne da gilashin gaba, a bayan madubi. Washegari da safe ya tarar an liƙe wurin daga waje da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, layi uku, a jere tsaf. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a allon tana ƙorafi, Baba ya jingina katin wani tsohon biki a kanta. Ya wuce ta gaban gareji, gwiwar hannu a waje kamar kullum, ya danna hon sau biyu.

"Na rufe mata ido! Yanzu ta san mai gida."

Bakanike ya yi dariya, don dariyar ta zo. Amma abin ya tsaya masa a rai, ya san da yatsarsa aka yi.

Wata huɗu aka yi haka lafiya lau. Kowace safiya Baba zai fita ya zaga tsohuwar hanyar bas ɗinsa, ya sayi jarida da burodi, ya gangaro layin ya shiga get ba tare da ya goga ko fenti ba. Sai wata rana Bakanike ya ga motar ta daɗe a bakin get, injin na aiki. Ya leƙa ya same shi dafe da ƙirji, zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Ba komai, zafi ne," in ji Baba.

Ba zafi ba ne. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magunguna, ya ce a rage tuƙi, in da hali a bari. Da yamma 'yar ta aiko a kira Bakanike, don ta san ita kaɗai ba za ta iya da uban ba. Ya same su a falo. Baba na kan kujerarsa ta kusa da taga, ƙarƙashin takardar yabon da kamfanin bas ya ba shi, ledar magani a kan tebur ko buɗewa ba a yi ba.

"Baba, ka ba ni makullin," ta ce. "Duk inda kake so ni zan kai ka."

"Ke? Da kike taka birki kamar mai kashe kyankyaso?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Makullin nan a aljihuna za ku cire shi."

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta janye ba, jininsa ce. "To na ji. Ka cire salatif ɗin nan kawai. Shi ke nan abin da na roƙa."

"Ranar da na bar kwalba ta yi mini gani, ranar ku ɗauke ni ku ajiye a tsakar gida ina kallon kaji."

Ta juyo ta kalli Bakanike. Shi kuwa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, mutumin nan ne ya fara kawo masa aiki lokacin da garejin ba shi da ko rufi. Ya gyara murya.

"Baba, ba wanda ke zargin ƙafarka. Ƙafarka ba ta da na biyu. Amma in zuciya ta tsaya a kan hanya, wa zai gaya wa ƙafar ta taka?"

Baba ya kalle shi, ya nuna masa ƙofa.

"Tashi ka bar mini gida."

Kwana tara bai yi masa magana ba. Zai wuce ta gaban gareji, gwiwar hannu a waje, ba hon, ba ɗaga hannu. Abin ya yi wa Bakanike ciwo fiye da yadda ya zata, amma bai je ban haƙuri ba, don bai ga abin da zai janye ba. A yammacin kwana na tara ya hango tsohon tsaye a gaban motar cikin get, ya ba titi baya, ya duƙa a kan gilashi yana ta murza wani abu. Ya ɗauka kashin tsuntsu yake gogewa, ya ci gaba da aikinsa.

Da safe, wajen ƙarfe tara, matar Bakanike ta fito daga shagon da ke kusa da gidan Baba, rungume da kiret ɗin ƙwai, za ta tsallako. Ta hango motar tana gangarowa, ba ta ko ƙara sauri ba. Motar Baba Cak ce, duk layin ba mai gudunta.

Bakanike ne ya ga abin da ba ta gani ba. Babu gwiwar hannu a taga. Kan tsohon ya kife a kan sitiyari, motar kuma tana ƙara gudu da gangaren. Ya yar da sifana ya ruga.

Sai ƙarar nan ta tashi, wadda aka yi wata huɗu ba a ji ba. Tayoyi suka ja a kan kwalta. Motar ta ƙame, tsakanin bambarta da zanen matar bai fi tafin hannu ba. Tana tsaye sandare, ƙwan na ƙirjinta, ko ɗaya bai fashe ba.

Ya isa da gudu daidai lokacin da motar ta fara sake silalowa. Ya zura hannu ta taga ya ja birkin hannu, ya kashe injin. Ya ɗago kan Baba, ya kira shi sau uku. Ya riga ya tafi.

Kafin ka ce me, layin ya cika. Wasu na salati, wasu na kuka, mai shago na faɗa wa duk wanda ya iso, "Da ƙafarsa ya tsayar! Yana mutuwa ya taka birki!" Bakanike ya duƙa don su ciro shi, idonsa ya sauka ƙasa. Ƙafar dama ta zame gefe, takalmin ya kwanta a kan shimfiɗa, nesa da birki. Ya ɗaga kai ya kalli bayan madubi, babu salatif. Katin bikin ma an ɗauke, fitilar ba ta nan. A wurin ajiye kofi ya ga wani ɗan dunƙule baƙi. Ya ɗauka ya sa a aljihu.

Bayan kwana biyu, ana zaman makoki a falon, mijin 'yar ya shiga yi wa baƙi bayani da murya ƙasa-ƙasa irin ta masu ganin sun san komai.

"Allah ne kawai ya kiyaye. Tsoho da taurin kai, an ce ya bari ya ƙi, har ido ya rufe wa motar. Da ya kashe 'yar mutane fa?"

Bakanike ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa da ƙarfi.

"Matata ce 'yar mutanen. Tana gida tana girki. Shekara arba'in da ɗaya da 'yan kai bai taɓa kowa ba, kuma ya tafi bai taɓa kowa ba. Wanda ya fi shi a cikinku ya ɗaga hannu mu gani."

Ba wanda ya ɗaga. Ya tashi ya fita. 'Yar ta biyo shi har inda motar ke ajiye a cikin get, jaridar ranar da burodin suna nan a kujerar gefe.

"Kai ka fara isa," ta ce. "Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda abin yake zuwa. Ka gaya mini gaskiya. Ƙafarsa na kan birki?"

"A'a."

Ta runtse ido. Ya sa hannu a aljihu, ya kamo tafinta ya ajiye mata dunƙulen. Ta jujjuya shi ba ta gane ba, sai da ta ga bakinsa ya ɗan warware, layi uku manne da juna.

"Kai ka cire?"

"Ko gaisuwa ba ma yi. Shi ya cire, ana gobe. Bai gaya wa kowa ba."

Ta matsa jikin motar ta ɗaga kai. A saman gilashin, inda salatif ɗin ya zauna wata huɗu, akwai ɗan fili mai kusurwa huɗu da ya fi ko'ina haske, gefensa da sawun farce inda aka kankare sauran gam ɗin a hankali. Ta ɗora babban yatsanta a wurin, ta bar shi a nan.