Ɗigon Fensir

Injiniya ake ce mata a duk faɗin jami'ar, ko da yake ilimin kwamfuta ta karanta, ba ta taɓa riƙe sufana ba. Ita ta kafa manhajar sakamakon jarrabawa shekara biyu da suka wuce, kuma tana ji da ita kamar 'yar fari. Da can sai ɗalibi ya yi wata uku yana sintiri a gaban allon sanarwa, yanzu kuwa yana kwance zai ga makinsa a waya. In ka yabi manhajar a gabanta ka sha shayi. In ka kushe ta ka sha lacca.

Ranar Litinin da hantsi wata ɗaliba 'yar aji uku ta shigo ofishinta tana takawa a hankali. Ta miƙa mata waya. Sifili huɗu ne a jere, a ƙasa kuma an rubuta cewa sunanta na cikin waɗanda majalisar jami'a za ta sallama ranar Alhamis.

"Anti, ni fa ban ma rubuta jarrabawar ba," in ji ta. "Tiyata aka yi mini. Na kawo takardar likita tun lokacin, na ba Kawu."

Kawu shi ne tsohon akawun ofishin jarrabawa, wanda ya ga zuwan shugabannin jami'a bakwai da tafiyarsu. Injiniya ba ta cika sauka wurinsa ba, don ƙurar fayil na tayar mata da atishawa. Amma ranar ta sauka, ta same shi a ƙarƙashin fanka mai kuka, tabarau a kan hanci, yana ɗaure takardu da zare. Da ta faɗi sunan yarinyar, ko lambarta bai tambaya ba. Ya jawo fayil, ya lashi yatsa, ya buɗe.

"Ga ta nan, 'yata. Ai na ɗiga mata."

"Ka ɗiga mata me, Kawu?"

Ya nuna da farce. Gurbin makin babu komai, amma a gefensa akwai ɗan ɗigon fensir, bai fi kan allura ba. Ya yi mata bayani a natse. Shekara talatin haka ake yi a ofishin nan: wanda ya kawo uzurin ciwo ko rasuwa, sai a bar gurbinsa a ɗiga masa, alamar a jira shi. Wanda ya ƙi zuwa don ganin dama, gurbinsa fayau.

Nan take Injiniya ta gane inda matsalar take. Da hannunta ta rubuta wa manhajar doka cewa duk gurbin da aka bari sifili ne. Na'urar da ke ɗaukar hoton takardun kuwa lambobi kawai take karantawa, ɗigo a wurinta datti ne.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ai ke kika ce a taro na'urar tana ganin komai." Babu gatse a muryarsa, shi ya fi mata ciwo. "Na ce to, wadda ke ganin komai ba za ta rasa ganin ɗigona ba."

Ta tuna taron. Ta yi awa biyu tana magana, ta tambayi shugabannin sassa ra'ayinsu ɗaya bayan ɗaya, Kawu na zaune a kujerar baya yana gyaɗa kai. Bai zo mata a rai ba ta tambaye shi yadda yake aikinsa. Kunya ta kama ta sosai.

Ta jawo kujera ta zauna. Har la'asar suna bin takardun zango huɗu, shi yana nunawa tana rubutawa. Ɗalibai goma sha bakwai masu ɗigo suka samu. Goma sha ɗaya abin bai kai su ga kora ba. Ɗaya ita ce mai tiyata. Sauran biyar an sallame su tun bara.

Na yarinyar bai ba da wahala ba, kafin Laraba an cire sunanta. Injiniya ta ƙara wa manhajar gurbin uzuri, ta kuma rubuta wa majalisa takarda shafi ɗaya, ta ce kuskuren nata ne, ta roƙi a mayar da mutum biyar ɗin. Magatakarda ya so ta sassauta, ta rubuta "matsalar na'ura". Ta ƙi.

Da aka amince, ta ce ita za ta kira su da kanta. Na farko saurayi ne da ya kai aji biyu a sashen lissafi. Da ya ɗauka sai ta ji ƙarar janareto da bugun ƙarfe a bayansa. Ta faɗi ko ita wace ce, ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage komai ba.



"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "don Allah ko za ki maimaita wa mahaifina? Na ce masa ina asibiti aka yi jarrabawar, kuma na kai takarda. Ya ce makaranta ba za ta kori mai gaskiya ba. Shekara guda ke nan ba ya cin abinci da ni."

Ta ce za ta maimaita. Ta ji ya fita daga cikin ƙarar, ya yi tafiya mai ɗan nisa, ya yi sallama. Can sai ga muryar dattijo, a daƙile, yana tambayar wace ce.

Ta gyara zama, ta gaishe shi, ta fara daga farko.