Inda Aka Binne Andani

Yidana na durƙushe yana jera tayil a harabar sabon otal ɗin nan na unguwar Tishigu, sai ya ji ana jayayya da mai gadi. Yana ɗaga kai ya ga Mma Ajara, tsohuwar maƙwabciyarsu. 

Da can nan gidajensu suke. Da hukumar tsara gari ta zo karɓe filin don amfanin jama'a, Yidana ne ya bi gida gida yana lallashin mutane, wai asibitin haihuwa za a gina. Ga shi da baki kamar dillali, kowa ya yarda. Bayan an rushe, aka ce ai otal ma ci gaban gari ne, doka ta ba da dama. Yidana kuwa magini ne mai iyali, ya nemi aiki a wurin ya samu.

Ya roƙi mai gadi ya bar ta ta shigo.

"Yidana, ɗana, ban zo rigima ba," in ji ta. "Babanku Andani na zo gaisarwa. Wurin ya juye mini. Kai da ka haƙa kabarin, nuna mini."

Mijinta Andani shi ne mai gida, a tsakar gidansa aka binne shi yadda ake yi wa manya a garin. Yidana ya san wurin sarai. A daidai nan ne injiniya ya ce a haƙa ramin ban ɗakin otal, shi kuma ya ɗaure shi da bulo bai ce uffan ba, don kada a sallame shi.

Kunya ta rufe shi, har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya duba can, ya duba nan, sannan ya miƙa hannu wajen wata ciyawa mai furanni kusa da katanga.

"Nan ne, Mma."

Ta cire takalmi ta durƙusa. Ta daɗe tana addu'a, shi kuma yana tsaye a bayanta yana amsa amin.

Da ta tashi, ta share ido da bakin mayafi.

"Har fulawa suka dasa masa. To, alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ran Juma'a zan kawo jikokinsa su ma su san wurin."