Lallen Inna da Shayin Baba

Da muka baro 'Yankuzo muka dawo Damba, kowa ya ɗauko abin da ya fi so. Inna Ma'u, mahaifiyarmu, reshen lalle ta karyo daga bishiyar da uwarta ta dasa, ta kafa shi a tsohon bokitin fenti. Gidan da muka kama siminti ne tun daga zaure har bakin rijiya, don haka ƙasar bokitin nan ita ce gonarmu gaba ɗaya.

Shekara guda lallen yana lafiya, sai darɓa ta kama shi. Ganye ya nannaɗe ya yi danƙo, ƙananan ƙwari suka cika bayansa, kiyashi kuwa suna hawa da sauka kamar ranar kasuwar Tsafe. Inna ta daina cin abincin kirki. Ta ce in lallen nan ya mutu, ba ta da sauran abin uwarta a duniya.

Babanmu, Malam Manu, ya ce ya yi noma shekara arba'in, ba za a kunyata shi a kan bokiti ba. Ya aro injin feshi na goyo, ya rufe hanci da rawani, ya yi wa tsakar gida wanka da magani. Kwana biyu muna tari. Kajin maƙwabta suka ƙaurace mana. Darɓa ta yi sati ɗaya tana hutu, ta dawo da danginta.

Sai na kira maƙwabciyarmu Saratu, wadda barandarta ta cika da tukwanen furanni. Ta wanke ganyen da ruwan sabulu da jiƙon dogon yaro, sannan ta tsuguna ta ƙura wa kiyashin ido. Ta ce su ke kiwon ƙwarin suna tsare su saboda zaƙin da suke fitarwa, amma yawan nan ya wuce misali, akwai abin da ke kiransu. Ta tona ƙasar da tsinke, ta shinshina, ta ɗago da guntun citta da kanumfari.

"Inna, wa ke ba lallen nan shayi?"

Gaba ɗaya muka juya wajen Baba, shi kuma ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Da ya ga ba mafita, ya faɗi gaskiya: shayin Inna sukari ne da ɗan ruwa, bai taɓa iya shanye shi ba. A ƙauye bayan rumbu yake tuttulawa, ƙasa ta rufa masa asiri. Nan kuwa siminti tonon silili gare shi.

"Shekara arba'in, Malam? Mi ya hana ka hwaɗi?"

"Ranar hwarko kin tambaye ni, na ce ya yi daɗi. Ina nika sake magana?"

Na zaci Inna za ta yi faɗa. Ba ta yi ba, kuma ba ta rage ko cokali ɗaya na sukari ba. Washegari ta kawo masa kofi cike, ta jawo kujera ta zauna tsakaninsa da bokiti. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya dubi lallen, ya dubi matarsa, ya yi bismilla ya shanye tas, har ya kife kofin don ta gani.

Cikin sati uku lallen ya fitar da sabon toho. Baba ne ya fara gani, ya ƙwala wa Inna kira, kofi a hannunsa saura rabi.