Akwatin Mushe Hilaire

Ranar Laraba ce cikin Agustan 1963, ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye hadari bai watse ba. Inusa na jan raƙumin kawunsa Maikano kan hanyar Sukukutane. Mushe Hilaire (Mushe shi ne "Malam" a bakin Faransi), malamin lissafi, na biye da shi a ƙasa, idonsa kan akwatin da ke bisa.

"Yaro, a hankali. Littattafai ne da kayan awon da'ira. In babu su, sabuwar makarantar lakwal ba ta buɗuwa."

"To, Mushe."

Mushe bai gane Inusa ba. Inusa kuwa tun a Dogon Dutsi ya gane wannan murya, ya karya kuɗin dako don kada wani ya riga shi.

Shekarun baya, a ajin mutumin nan ya zauna. Ranar darasin lissafin dace da sa'a, Mushe ya ce a kawo abin jefawa. Inusa ya ɗauko kuɗin wuri na duban innarsa, 'yar bori, ba da saninta ba. Yara suka yi ta watsa su kan tebur, Mushe na ƙirga na kife da na buɗe. "Kun gani? Rabi da rabi. Ba doguwa, ba iska." Dariyar ta kai har kasuwa. Masu zuwa duba suka ɗauke ƙafa, inna ta daina kallon ɗanta har ta kwanta dama. Inusa kuma ya jefi tagar aji da dutse, aka kore shi.

Suka iso kwari, ruwa ja yana gudu. Mashigi biyu ne: na sama yashi, na ƙasa laka.

"Wanne ne mai kyau?"

"Na ƙasa, Mushe. Ya fi kusa."

"Kai ka san ƙasarku."

Inusa ya yi kamar yana gyara kaya, ya sassauta igiyar akwatin. So yake ya ga mutumin nan tsaye cikin ruwa yana ihu, kowa na dariya ko da babu kowa.

A tsakiya akwatin ya zame, amma igiyar ba ta sake shi ba. Ya rataya gefe ɗaya, ya ja raƙumin. Ƙafafun gaba suka baje cikin laka, ƙashin ɗaya ya ce ƙas. Inusa ya faɗa ƙarƙashin wuyan dabbar, ruwa ya cika masa baki.

Mushe ne ya shaƙo rigarsa, ya ja shi gaɓa.

"Tofar, ɗana! Tofar! Bar akwati, inspekta zai aiko wani."

Makiyaya suka zo da wuƙa, suka yanka raƙumin kafin ya zama mushe. Wani ya tafi kiran Maikano.

Akwati ɗaya ya tafi. Takalmin Mushe na hagu ma. Raƙumi ɗaya, shi kaɗai ne a gidan Maikano.