Muryar Mai Kula da Sito

Wata uku ta yi tana bin diddigin wani kamfani da yake sauya kwanan watan maganin tarin yara bayan wa'adinsa ya ƙare. A gidan rediyon da take aiki, Ƙaya ake ce mata, domin tambayarta idan ta shiga jikin mutum ba ta fita ta daɗi. Ta samu takardu, ta samu hotunan kwalabe, amma ƙashin bayan shirin murya ɗaya ce: ta mai kula da siton kamfanin, wanda aka sa ya liƙa wa kwalaben sababbin takardun kwanan wata da hannunsa. Ya yarda ya yi magana ne bisa sharaɗin kada kowa ya gane shi. Sai dai bawan Allah yana da i'ina, kuma duk kamfanin shi kaɗai ne mai ita.

Ranar da za a sa shirin, tun da hantsi take ɗakin haɗa sauti tare da injiniya. Ya kaurara muryar har ta koma kamar daga rijiya take fitowa, sannan suka bi i'inar gaɓa-gaɓa suna yankewa.

"Yanzu ko uwar da ta haife shi sai ta nemi katin shaida," in ji injiniya.

Edita ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Ƙarfe huɗu fa, Ƙaya. Sau shida aka yi sanarwa."

"Saura gwaji, ranka ya daɗe."

Ƙa'idarta ce tun da ta fara aiki: muryar da aka ɓoye ba ta fita sai wani na gidan mai ita ya saurara ya kasa ganewa. Ta je gidan mai siton, ta tarar da matarsa, wadda ta san komai, tana guga a tsakar gida. Ta ce za ta kunna mata muryoyi uku da aka sauya. Ta farko ta injiniya ce, ta biyu ta direban tashar; matar ta girgiza kai. Ta ukun ba ta gama jimla biyu ba matar ta kwashe da dariya.

"Kai, Baban yara! Ko a tulu kuka sa shi, shi ne."

"Yaya, ta ina kika gane?"

"Ba ki ji yadda yake jan numfashi kafin kalma mai nauyi ba? Kun cire masa i'inar, kun bar shirin yinta." Sai dariyar ta ɗauke. Ta ajiye dutsen guga. "Abokin aikinsa shekara goma sha ɗaya suna ɗaki ɗaya. Shi ma zai gane, ko?"

Ƙaya ta tattara kayanta ta fita.

Ƙarfe uku saura ta koma tasha, ta ce a cire muryar gaba ɗaya. Edita ya miƙe tsaye.

"Matarsa ce fa! Mai kamfani ba ya kwana ɗaki ɗaya da shi."

"Ba mai kamfani nake tsoro ba. Wanda zai kai masa labari nake tsoro."

"To mu yanke numfashin ma," in ji injiniya.

"Da safe ma cewa muka yi mun gama. Ban san abin da ya rage wanda kunnenmu ba ya ji ba."

"Idan babu muryarsa cewa za su yi ƙirƙira kika yi," in ji edita. "Lauyansu kanki zai faɗo."

"Ya faɗo. Ni ina da takardu, ina da asalin sautin a kulle, ina da ku. Shi yara huɗu gare shi da alkawarin da na yi masa."

"Mu ɗaga zuwa mako mai zuwa, ki nemo wani."

"Maganin yana kan kanta a shaguna yau, ranka ya daɗe."

Edita ya juya ga injiniya. "Ka ji ta. Cire."

Ta zauna ta rubuta bayanin mai siton da hannu, ta sauya duk kalmar da ta san tasa ce, ta bar kwanakin da lambobin kwalaye yadda suke. Ta san shirin ya yi rauni. Ƙarfe huɗu daidai jar fitilar ɗakin watsa shiri ta kama. Ta matso da makirufo, ta faɗi sunanta cikakke, ta shaida wa masu sauraro cewa akwai wanda ya gani da idonsa, kuma ba za su ji muryarsa ba. Sannan ta fara karanto lambar kwali na farko, wadda ita ce a jikin kwalaben cikinsa, a hankali, yadda duk uwar da ke da kwalbar a gida za ta samu damar ɗaukowa ta duba.