Hoton Ranar Gayya

Ni dai duk shekara idan aka kira aikin gayya a unguwarmu, sai bayana ya tashi da ciwo. Shi ya sa ba na cikin hoton.

Ragnhild Tveiten tana ciki. Shekara ashirin ta yi a Oslo tana kare haƙƙin masu saye kafin a ba ta alƙalanci a garinmu, kuma wannan ce shari'ar da ta daɗe tana jira. Tsoho Oddvar Brekke ya sayi injin ɗumama gida, injin ya mutu a shekara ta uku, tsakiyar hunturu. Kamfani ya ce wa'adin garanti shekara biyu ne. Oddvar ya ce doka ta ba abin da aka ƙera don ya daɗe shekara biyar. Gidaje ɗari huɗu masu irin injin sun kasa kunne.

Ba a fara ba Steinar Moen, lauyan kamfanin, ya miƙe da hoto a hannu. Ga Ragnhild, ga Oddvar, kafaɗa da kafaɗa suna shafa wa ɗakin taron unguwa jan fenti. Ya nemi ta sauka daga shari'ar, tunda ta san mai ƙara.

Ta ce awa uku suka yi a jikin bangon nan, ko sunansa ba ta tambaya ba. Kowa ya yarda. Haka muke.

"Kotu mai daraja ba ta ba shi komai ba?" in ji Steinar a hankali.

Babu wanda ya ga ta ba shi wani abu, ta tabbata. Idan ta ce a'a, gobe ta zauna kan shari'arta. Ta dubi Oddvar, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Na zuba masa kofi daga fulas ɗina," ta ce. "Sau biyu."

Wani ya ja numfashi a baya. A garinmu kofi ɗaya ladabi ne, na biyu kuwa zumunci.

Ta tattara takardunta ta sauka. A bakin ƙofa Oddvar ya tare ta.

"Ragnhild, ai da kin yi shiru. Kofin ma ya huce."

Aka ɗage shari'ar wata huɗu, aka naɗa wani alƙali wanda ba ya cikin hoton. Shi ne ya ɗauki hoton.