Farin Giciye a Hanyar Ɗa'if

Talal bai iya zama ba. Ko a zaman makoki sai ka ga ƙafarsa tana rawa. A Nakkasa aka haife shi, can ƙasa mai tsarki, unguwar da yaro ke fara hawan tudu tun tafiyarsa ba ta nuna ba. Da aka rushe gidajen aka sare tudun, shi da mahaifiyarsa Mairama suka koma wani bene a unguwar Mansur. Bai huta ba sai da ya samo wani baƙin dutse a gefen hanyar Ɗa'if, inda shi da abokinsa Ayman suke kai igiyoyinsu na hawan dutse duk Asabar.

Filin na wani tsoho ne, Abdulrazak, mai kiwon zuma a gindin dutsen. Sai ga wani kamfanin fasa tsakuwa ya shigo yana zawarcin wurin, tsohon kuma ya fara ba su kunne. Talal ya dinga yi masa zarya da surutun kare muhalli har mutumin ya gaji.

"Ku zo in ga hawan nan naku," in ji shi. "In babu ɓarna, babu haɗari, dutse ya zauna inda Allah ya ajiye shi."

Ranar, Talal ya taho har da Mairama, don tsohon ya ga ba 'yan daba ba ne, suna da iyaye. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya bi jikin dutsen yana ƙwanƙwasawa. Daidai ƙirjinsa ya ji wani ɓari yana motsi. Ya ɗebo allin da suke shafawa a hannu ya zana masa giciye babba, wato kada kowa ya taka, kamar yadda mahaya ke yi.

"Akwai mai motsi a ƙasa, na sa alama," ya ce wa Ayman, suka zagaya ta baya don ɗaura igiya a sama.

Da suka sauko, tsohon ya iso da sandarsa. Talal ya riƙe igiya, idonsa yana kan fuskar mai fili. Ayman ya duba bai ga alama ba, ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa.

Ɓarin ya ɓalle. Igiya ta riƙe Ayman, dutsen kuwa ya gangara ya ragargaza amya biyu. Ƙudan zuma suka tashi, kowa ya yi ta kansa.

Abdulrazak bai yi faɗa ba, wanda gara ma a ce ya yi. Ya daɗe yana kallon zumar da ke zuba a ƙasa. "Halas, shi ke nan," ya ce. "Ku kwashe igiyoyinku."

A mota Talal ya huce a kan abokinsa. "Kai makaho ne? Giciye ƙato haka!"

"Wallahi ya ahi, ma fi alama," in ji Ayman, wato ɗan'uwa, babu wata alama. " Ban ga komai ba."

"Ba za ka gani ba, ɗan nan," Mairama ta faɗa daga baya, da muryar wadda ta yi abin kirki tana jiran yabo. "Ni na goge."

Talal ya taka birki ya waiwaya. Bakin mayafinta a jiƙe yake, alli ya yi masa fari-fari.

"Haka masu rusau suka zana mana alama a bango a Nakkasa, muka zuba ido har katafila ta zo. Ina ganinta yau na ce a'a, ba a kan dutsen ɗana ba. Rabin ruwan shayina na ƙarar." Ta dube shi. "Ai ba su gani ba ko?"

Takaici ya kama shi, tausayinta kuma ya fi takaicin ciwo. Ayman ya juya yana kallon taga.

"Ba su gani ba, Umma," in ji Talal.

Ta gyara zama ta ce alhamdulillahi. Ya tayar da motar, ƙafarsa a kan totur ba ta ko motsi.